Ranar da Na Ɗora Ɗan Ƙwallo a Kan Mumbari

Ba zan taɓa mantawa da wannan ranar Lahadin ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, matan unguwarmu ba za su bari ba. Har gobe in na gifta bakin famfo sai wata ta ɗaga hannu sama ta ce, "Jefa, Anti, jefa!" sauran su kwashe da dariya. Yanzu kam ni ma dariyar nake yi. Amma a ranar, da ƙasa za ta yi mini alheri ta tsage, da na shige da ɗankwalina da jakata ban waiwayo ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san inda matsalar ta samo asali. Injin markaɗe gare ni a Nasarawa, nan tsallaken kogin Kaduna. Tun da masaƙa ta tsaya aka sallami maigidana, wannan injin ne ya riƙe mu: tattasai da tumatir da safe, waken ƙosai da alale, geron kunu da yamma. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin markaɗe ya san irin kukansa. To ni a cikin wannan kukan na yi rabin rayuwata, kuma a hankali ya cinye mini kunne. (A lokacin ban yarda ba. Cewa nake yi mutanen zamani ne suka koyi magana a cikin maƙoshi.)

Ina da 'ya, Saratu. 'Yar yayana Yohanna ce, amma tun da mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, a ɗakina ta girma, ni na yi mata kitso har ta gama sakandare. Ta yi karatun jinya ta samu aikin nas a Abuja. Yarinya mai hankali, ga kyau, ga sanyin hali. Matsalarta ɗaya ce a duniya, wato ubanta.

Yaya Yohanna tsohon malamin firamare ne, dattijon ikilisiya a cocinmu, yana da gona a Kakau wadda yake so kamar ransa. Ba mugu ba ne, amma in ya ce a'a, ko Rabaran sai ya sake shiri kafin ya tunkare shi. Saurayin Saratu na farko direban babbar mota ne, Yaya ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da gidansa titi ne ba. Na biyu mai kiɗa ne a wurin biki, wannan ko kujera ba a ba shi ba. Amma abin da Yaya ya fi tsana duk duniya shi ne ƙwallo. In ya wuce gidan kallo ya ji samari suna ihu, sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce, "Ƙato da gemu, da gajeren wando, yana bin fata a guje, wai shi ma ya tafi aiki."

Wata ranar kasuwa ina tsakiyar markaɗa wa wata mai abinci wake, sai ga wayar Saratu. Na maƙale wayar a kafaɗa, hannu ɗaya na tura wake, ɗaya na zuba ruwa.

"Anti, na samu wanda nake so," in ji ta. "Sunansa Ishaya. Ɗan Rido ne, nan bayan garin Kaduna, amma a Japan yake aiki."

"Japan! Wane irin aiki?"

Abin da Saratu ta faɗa shi ne, "Fica ne." Abin da kunnena ya kawo mini shi ne, "Firica ne." Mu kuwa a cocinmu, da muke gauraya Hausa da Turanci yadda muka ga dama, firica shi ne mai wa'azi. Daga baya ta rantse mini cewa ta yi bayani, ta ambaci ƙwallo, ta ambaci jifa, ta ambaci kulki. Mai yiwuwa ne. Ni dai a lokacin na riga na manna wayar a ƙirji ina taka rawa a gaban inji, mai wake tana kallona.

Da na mayar da wayar kunne sai na ji tana cewa, "Kin san halin Baba. Don Allah ki lallaɓa shi a hankali, kar ki faɗa masa aikin kai tsaye. Kuma shi kaɗai za ki gaya wa."

"Wannan aikin ne abin ɓoyewa? Yarinya, bar mini komai."

"Anti, kin san aikin kuwa?"

"Ni za ki koya wa? Tun ba a haife ki ba nake zama a layin gaba ina kallon masu yin sa."

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, Anti." (Da ina da wayo, da wannan shirun ya ishe ni.)

Ko hannu ban wanke da kyau ba na hau keke sai gidan Yaya. Na same shi yana ɗaure buhun masara. Na ce masa Allah ya amsa addu'arsa, Saratu ta samu bawan Allah, mai wa'azi a ƙasar Japan.

"Akwai masu bi a can?" in ji shi.

"Ai shi ya sa aka tura shi, Yaya."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya ce, "Ki ce mata in ya zo hutu ta kawo shi." A rayuwata ban taɓa jin Yaya ya ce a kawo masa saurayi ba. Da na gaya wa Saratu, har kuka ta yi a waya tana cewa, "Anti, me kika faɗa masa?" Na ce, "Gaskiya kawai." Na ajiye waya ina jin kaina kamar wadda ta sasanta ƙasashe biyu.

Za ku ce ai a 'yan watannin da suka biyo baya ya kamata in gane. To ku ji yadda abin yake. Duk abin da Saratu ta faɗa, sai ya zauna daram a cikin labarin da na riga na gina. Ta ce in zai fito fili yakan cika da mutane, na ce ai dole, taron farkawa ke nan. Ta ce jiya shi ya ceci ƙungiyarsu a minti na ƙarshe, na ce ceto kam ai shi ne aikin. Ta ce gwiwar hannunsa na damunsa, na ce ɗaga hannu ne kullum, a shafa masa man zafi. Ta turo hotonsa a wayar maigidana, ga shi da kwat, da makirufo a hannu, an rataya masa furanni. Me kuma ya rage?

Maigidana ne kawai ya ɗan yi gyaran murya. Ya kalli hoton ya ce, "Wai ni wa'azi ne yake cin gwiwar hannu? Kuma wannan kafaɗar tasa ba ta mai ɗaukar Littafi ba ce."

Na ce, "Kai da kake barci tun daga karatun farko, me ka sani game da wa'azi?" Ya mayar da wayarsa aljihu.

Batun cewa Yaya kaɗai zan gaya wa kuwa, na yi ƙoƙari. Mutum ɗaya na ƙara, wato ƙawata Maman Blessing, wadda muke zama benci ɗaya a zumuntar mata. Ita ma ta ce mutum ɗaya ta gaya wa. Kafin mako ya zagayo, wata ta kawo markaɗen tattasai tana ba ni labarin cewa surukin Dattijo Yohanna ya gina coci mai hawa uku a Japan. Ban ƙaryata ba. Na ce mata, "Ai ba a faɗar komai."

Da aka sa ranar zuwansu, sai na ga ai bai kamata babban baƙo irin wannan ya shigo cocinmu ya zauna a benci kamar kowa ba. Na je wurin Rabaran na roƙe shi ya ba shi 'yan mintoci ya yi mana gajeren saƙo. Rabaran ɗinmu mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Mama, shi baƙon ya san da wannan shirin?"

"Rabaran, irinsu ai ba sa buƙatar shiri. Ko daga barci ka tashe su."

Ya yi murmushi ya ce to, gaisuwa da ɗan gajeren saƙo. Na sa matan zumunta muka koyi waƙar maraba, muka yi alkawarin kowa ta ɗauro zanen zumunta sabon wanki. Ban gaya wa Saratu ba, wai ina so in ba su mamaki. (Na kuwa ba su.)

Ranar Lahadin daga Abuja suka taso da sassafe, da niyyar su fara sauka a gidana. Sai cunkoso ya riƙe su a hanya, ba su iso ba sai da aka fara sujada. Saboda haka ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Na hango su suna shigowa ta ƙofar baya, Saratu a gaba, shi a bayanta. Dogo ne, baƙi, faɗin kafaɗarsa ya kusa cika ƙofar. Duk wanda ya haɗa ido da shi sai ya rusuna masa har ƙugu. Na zunguri Maman Blessing na ce, "Kin ga tawali'u?" (Ashe gaisuwar mutanen Japan ce ta bi jikinsa.) Yaya kuwa yana can kujerar dattawa da babbar rigarsa ta Kirsimeti, yana ta gyara hula.

Da aka zo wurin karɓar baƙi, Rabaran ya ce akwai baƙo na musamman, kuma ni zan gabatar da shi. Na fita ina taku ɗai-ɗai, na karɓi makirufo. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma akwai masu tuna mini. Wai na ce yau Nasarawa ta yi baƙon da ya ƙetare teku don ya kai haske inda rana take fitowa. Wai na ce dubban mutane suna cika fili don su gan shi, kuma har gwiwar hannunsa ya sadaukar saboda aikin. Na rufe da cewa, "Bawan Allah Ishaya, mumbari naka ne!"

Matan zumunta suka ɗauki waƙa, aka buga tulu da kacau-kacau. Na hango Ishaya yana waige-waige, yana neman wani Ishayan. Saratu ta rufe baki da hannu biyu, idanunta kamar za su faɗo. Na ɗauka farin ciki ne. Masu tsaron ƙofa biyu suka je suka rako shi har gaba, yana tafiya kamar wanda za a yi wa allura.

Na koma bencina. Dole in faɗi wani abu game da bencin nan: yana jikin taga, kuma a bayan tagar ne ake ajiye jenareta. Ranar babu wuta. Ga ƙarar jenareta, ga lasifikar ɓangarenmu mai shaƙewa, ga kunnena.

Ishaya ya riƙe makirufo da hannu biyu. Abin da ya faɗa, kamar yadda kowa a cocin ya ji ban da ni, shi ne: "Salama a gare ku, iyayena. Don Allah ku yi mini haƙuri, ina ganin an samu kuskure. Ni ba mai wa'azi ba ne. Ƙwallo nake jefawa."

Kalma biyu ne suka iso wurina: "mai wa'azi" da "jefawa". Nan take zuciyata ta ce ai batun jefa taru ne na cikin Littafi, inda aka ce almajirai za su zama masuntan mutane, ya fara da babban saƙo. Sai na miƙe tsaye ni kaɗai a cikin coci, na zaro farin hankici ina kaɗawa, na rangaɗa guɗa wadda ban taɓa yin irinta ba ko a bikin ɗana, na ce da iyakar muryata:

"Halleluya! Jefa, bawan Allah, jefa!"

Ba wanda ya amsa. Na sake kaɗa hankicin, don a tunanina cocinmu ne ya cika sanyi. Sai wani yaro a cikin mawaƙa ya kasa riƙewa, dariya ta kufce masa ta hanci. Shi ke nan, kamar an ɓalle famfo. Benci bayan benci, har dattawa suna sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Na hango maigidana, mutumin da ke barci tun daga karatun farko, idonsa biyu tarwai yana share hawaye.

Maman Blessing ta ja mini zane ta kafa baki a kunnena. "Zauna! Ɗan ƙwallo ne!"

"Ɗan wa?"

"Ƙwallo! Ƙwallo yake bugawa!"

Na zauna a hankali, hankicin yana hannuna har yanzu a sama, don na manta yadda ake sauke shi. Na saci kallon kujerar dattawa. Mutum ɗaya ne a cocin nan ba ya dariya, kuma ni yake kallo ta saman tabarau. A nan ne kunya ta koma tsoro. Ba mutuncina kaɗai na zubar ba. Yarinyar da ta amince da ni ta ba ni amanar aurenta, ga shi na kai shi kasuwa na yi gwanjonsa.

Rabaran ne ya cece mu. Ya tashi yana murmushi ya dafa kafaɗar Ishaya ya ce, "Ɗana, tun da ka riga ka hau, kar ka sauka haka. Gaya mana wace irin ƙwallo ce take kai ɗan Rido har Japan." A daidai lokacin aka kawo wuta, aka kashe jenareta, saboda haka wannan karon na ji komai.

Ya ce wasan sunansa besbol. Mutum ɗaya yana jefa wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin dukanta, wani kuma ya tsuguna a baya yana cafewa. Mai jifar shi ake kira fica. (Nan na ji kamar an mare ni da kalmar.) Aikinsa shi ne ya jefa ta yadda mai kulkin zai kai duka ya sami iska.

Ya ce mahaifiyarsa tuwo da shinkafa take sayar wa ma'aikata a kusa da matatar mai, shi kuma aikinsa tun yana ƙarami korar awaki daga wurin tukwane. Da tsakuwa yake korar su, daga inda yake zaune, kuma ba ya kuskure. Wata rana wani injiniya ɗan Japan da ya zo aikin gyara ya tsaya yana kallonsa. Washegari mutumin ya dawo da ƙwallo da wata ƙatuwar safar hannu ta fata. Babu Hausa a bakinsa, shi kuma Ishaya babu Japananci, amma kullum in an tashi aiki sai su tsaya a fili suna jifa da cafewa har rana ta faɗi. Da mutumin ya koma ƙasarsu bai manta da shi ba. Shekaru suka wuce, sai ga takardar gayyata ya je gwaji.

"Kar ku ɗauka daula na tarar," in ji shi. "Ƙungiyarmu ƙarama ce, a wani ƙaramin gari cikin duwatsu. Sanyin farko da na gani, na yi kuka kamar yaro. Ban san abincinsu ba, ban san maganarsu ba. In an gama kakar wasa babu albashi, sai in shiga gonar wani tsoho ina yi masa aikin kabeji da albasa har wasa ya dawo."

Ya ba da labarin ranar da aka fara sa shi a wasa, ya jefa ƙwallon farko ta wuce saman kowa ta daki allon talla. Ya ba da labarin shekarar da hannunsa ya zauna, har yaran garin suka riƙa sa riga mai lambarsa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana wani dogon tabo a gwiwar hannu. Jijiya ce ta tsinke yana tsakiyar jifa. Aka yi masa aiki, ya shekara ko cokali ba ya ɗagawa da kyau, kuma a cikin wannan shekarar mahaifiyarsa ta rasu bai samu zuwa ba. Ya ce da yawa sun ce masa ya haƙura ya koma gida. Ya sake koyon jifa daga farko, kamar jariri mai koyon tafiya, har ya koma fili.

"Yanzu hannun ya fara gaya mini lokaci ya kusa," in ji shi. "Ban san ayar da zan karanta muku ba. Abin da na sani shi ne, ɗan mai tuwo ne ni, kuma ban kai kaina can ba. Na gode."

Coci ya yi tsit. Matar da ke bayana tana jan hanci. Ni kuwa bakina a rufe, ko amin ban yarda na ce ba.

Bayan an tashi, ta ƙofar baya na sulale. Amma babu wurin gudu, don a gidan Yaya aka shirya cin abinci, kuma ni na dafa. Na tarar da falo kamar gidan makoki. Saratu a rakuɓe idanu jajur, Ishaya a ƙasa kan tabarma ya ƙi hawa kujera, Yaya ya ajiye hula a gwiwa.

"An yaudare ni," in ji Yaya. "An haɗa baki an kawo mini ɗan ƙwallo da sunan bawan Allah."

Na durƙusa, da girmana da komai. Na ce, "Yaya, ba wanda ya haɗa baki. Yarinyar nan gaskiya ta gaya mini. Kunnena ne. Ba na ji sosai, na daɗe ba na ji, na ƙi faɗa ne kawai." Wannan ne karo na farko da na furta haka da bakina, kuma ya fi mini guɗar coci ciwo.

Yaya ya dube ni ya ce, "Ai duk gidan nan mun sani. Ke kaɗai ce ba ki ji labari ba." Sannan ya juya wurin Ishaya. "Kai kuma. An ba ka mumbari, an ba ka suna. Da ka buɗe Zabura ka karanta aya biyu ka ce a yi addu'a, da ka sauka lafiya, ni kuma da na ba ka 'yata kafin in gane. Me ya hana ka?"

"Baba, ba wurina ba ne," in ji Ishaya. "Kuma in na fara da ƙarya, kullum sai na ƙara wata."

Yaya ya ɗan juya hular. "To in hannun ya mutu fa? Da me za ka ciyar da ita? Da labari?"

"Da noma, Baba. Tsohon nan ya koya mini rainon iri da noman ganye. Ina so in dawo in nemi fili kusa da ruwa."

"Kabeji a wannan ƙasar tamu? Tsutsa za ta cinye maka shi tun yana jariri."

"Akwai yadda ake yi, Baba."

"Wane yadda?"

Ba zan ce muku a ranar aka gama magana ba, don Yaya ba ya saukowa da sauri. Amma shinkafata ta huce a kula suna gardamar taki da tazarar shuka. Da yamma ya ce wa Ishaya ya zo Kakau ranar Talata ya nuna masa a ƙasa, don shi bai yarda da noman baki ba. Ishaya ya je. Ya sake komawa. Kafin hutunsa ya ƙare, Yaya ya aiko a gaya wa dangin Ishaya su zo a zauna. Ni kuma Saratu ta tasa ni gaba sai asibitin kunne, aka maƙala mini wata 'yar na'ura. Ranar da na fara sa ta na gane ashe maigidana ya daɗe yana mayar mini da magana ƙasa-ƙasa.

Ishaya ya koma ya yi kaka ɗaya ta ƙarshe, sannan ya ajiye wasa ya dawo gida aka yi biki. (Ba a ba ni makirufo ba. An ce in kula da abinci.) Yanzu shi da surukinsa suna can Kakau suna noman kabeji da latas, suna gardama kullum kamar sa'o'in juna. Yaya har yau bai yarda ƙwallo sana'a ce ba. Cewa yake yi surukinsa manomi ne da ya ɗan yi yawon duniya.

Ranar Asabar kuwa Ishaya yana tara yara maza da mata a wani fili a Rido yana koya musu wasan. Nakan rufe inji in je da kular zoɓo. Na ga yadda yake ɗaga ƙafa ɗaya sama, ya karkace, ya saki ƙwallon nan, ba ka ganin tafiyarta sai dai ka ji ƙararta a safar mai cafewa. Duk da hannun ya gaji, abin kallo ne. Dokokin wasan dai har yanzu ban gane su ba. An yi mini bayani ya fi a ƙirga, da zane a ƙasa da komai.

Abin da na koya shi ne, in ban tabbatar da abin da ake ciki ba, ba ni ce ta farkon tashi ba. Sai in zauna da zoɓona in jira in ga mutane sun miƙe suna tafi, sannan in miƙe in taya su. Dabarar tana aiki sosai. Sai dai Asabar ɗin da ta wuce, na ga jama'a sun tashi da ihu, na tashi na fi kowa tsalle, ashe iyayen yaran da suka zo daga wata unguwa ne, kuma mu aka ci.